Wakilin 'Yan Bas

Ina shekara ta biyu a kwalejin horar da malamai aka yi zanga-zangar nan da har yau in an tuna ta sai a ce ɗalibai ne suka tashi. Ni ina wurin, na kuma san waɗanda suka tashi da waɗanda ba su tashi ba.

Mu a makarantar kashi biyu ne. Akwai 'yan hostal, yawancinsu 'yan birni, masu kwana a ciki. Akwai kuma mu 'yan jeka-ka-dawo, mun fi su yawa nesa ba kusa ba. Wasunmu a keke suke zuwa, wasu a babur, amma mata da mutanen nesa duk motar makaranta ce ƙafarsu, shi ya sa ake haɗa mu gaba ɗaya a ce 'yan bas. Tsohuwar doguwar mota ce, tagoginta rabi gilashi rabi kwali, sawu biyu take yi da safe, biyu da la'asar. A ƙauyenmu, can gefen Dawakin Tofa, mu biyu take ɗauka, ni da yayata.

Yaya ta girme ni sosai. 'Ya'yanta huɗu, sai da ta yaye na ƙarshen sannan ta koma karatu. Mijinta malamin makarantar allo ne, mutum mai sanyin hali, bai hana ta ba. Sharaɗi ɗaya kawai ya kafa, cewa a motar makaranta za ta riƙa tafiya ta dawo. Bai yarda ta hau bayan ɗan acaɓa ba, bai yarda ta tsaya bakin titi tana tsayar da motar haya ba. Zango biyu ya rage mata ta gama ta zama malama.

A shekarar aka rage kuɗin da gwamnati ke ba makarantu. Mu ba a takarda muka fara gani ba. Janareta ne ya daina tashi, famfon hostal ya ƙafe, sannan wata safiya aka liƙa sanarwa a allo cewa daga zango mai zuwa bas za ta tsaya, babu halin zuba mata mai. Yaya ta karanta sau biyu, ta gyara hijabinta, ta wuce aji.

Ƙungiyar ɗalibai ta sa ranar Talata za a fito. Shugabanta, wani ɗan birni mai zaƙin baki, har inda bas ke tsayawa ya zo ya same mu, ya ce kowa da kowa ake so, kada mutum ɗaya ya rage a gida. Muka ce in sha Allahu, kuma har zuciya muka faɗa.

Ranar Litinin muna hanyar komawa hadari ya taso daga gabas. Damina ta yi jinkiri a shekarar, wasu har sun yi binne, wato sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran tsammani, rana ta ƙone shi. Kafin mu yi rabin hanya ruwa ya ɓarke, ba yayyafi ba, ruwan shuka sosai. Kwalayen taga suka jiƙe, ana ta matsawa tsakiya, wayoyi suka shiga kuka daga kowace kujera. Duk wanda ya taso a gona ya san abin da ake faɗa a wayoyin nan. Danshin ruwan farko ba ya jiran kowa, in ka bar kwana ɗaya ya wuce, sai ka zauna jiran wani ruwan da ba ka san ranar zuwansa ba.

Akwai wani dattijo a cikinmu, malamin firamare ne da ya zo ƙarin karatu da furfurarsa, kowa Baba yake ce masa. Ya miƙe ya kama ƙarfen mota.

"Jama'a, gobe fa shuka."

Direba ya ƙara da cewa tun da gobe ba karatu, an ce masa kada ya fito da mota. Ka ji fa! Waɗanda suka shirya fitar ba wanda ya tuna cewa ranar da aka rufe aji bas ba ta fita, ke nan matan ko suna so ba su da ƙafar zuwa.

Baba ya ce abin ai mai sauƙi ne, mu yi yadda muka saba a gida. In kwalbati ya karye, ko shanu suka yi ɓarna a gona, gari ba ya kwasa ya tafi ƙofar dagaci. Mutum ɗaya ake tashi, ya je ya yi gaisuwa, ya ce jama'a ne suka aiko shi, kuma ba a taɓa tambayarsa ina jama'ar suke ba. Zuwa da yawa ma rashin kunya ne, kamar an zo yi wa babba tawaye. Kowa a motar ya ce haka ne, ni ma na ce haka ne. Aka duba aka ga ni ne ba ni da iyali, ba ni da gonar kaina, ga shi an ce ina da baki. Yaya ta leƙo daga kujerun mata ta ce, "Auta, ka yi maganar a natse, ban da rawar kai."

Da safe mahaifinmu ya dube ni sanye da kaftanin Juma'a da hula, ya dubi sungumin da ya fito mini da shi, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na ari babur ɗin maƙwabcinmu na yini ɗaya. Duk tsawon hanyar, hagu da dama, mutane ne a sunkuye, mai sara a gaba mai zuba iri a baya. Na gane 'yan ajinmu da dama a cikinsu, wasu har suna ɗago mini hannu.

Na tarar 'yan hostal sun cika filin ƙwallo, da riguna masu gajeren hannu da kwalaye. Na bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya ina karantawa, ruwa, wuta, intanet, duk da Turanci. Ko ɗaya babu maganar bas. Na nemo shugaban ƙungiya, ya ce, "Ina mutanenka?" Na ce ni suka aiko. Ya leƙa bayana kamar a can na ɓoye su, sannan ya ce to, in bi sahu. Aka ɗunguma zuwa ofishin shugaban kwaleji ana waƙa ana buga jarkoki, wani ɗan jarida yana ɗauka da waya. Ni ina can baya ina tattare kaftani kada taɓo ya ɓata shi.

Shugaban kwalejin ya fito, kuma gaskiya ba mugun mutum ba ne. Ya saurara har suka gama. Ya ce abin da ya rage a hannunsa abu ɗaya zai iya yi, ko dai a gyara burtsatse a tayar da janareta, ko a ci gaba da zuba wa bas mai, su faɗa masa wanda ya fi matsa wa ɗalibai. Fili ya ɗauka, "Ruwa! Wuta!"

Na kutsa gaba, na tuɓe takalmi a bakin baranda, na durƙusa na yi gaisuwa yadda aka koya mini. Aka fara dariya a bayana.

"Ranka ya daɗe, 'yan bas ne suka aiko ni."

Na faɗi saƙon a natse. Na ce akwai matan aure da in motar ta tsaya karatunsu ya tsaya, na ce mu ne muka fi yawa a rajista. Ya ce, "Suna ina?"

"Suna gona, ranka ya daɗe. Jiya aka yi ruwa."

Wani ya ɗaga murya ya ce ashe gero ya fi musu karatun, aka sake kwashewa da dariya. Shugaban kwalejin ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Ɗana, na ji ka. Amma ni abin da idona ya gani zan kai wa na sama da ni. Ga fili cike, ga ka kai kaɗai." Ya sa ni in tashi in sa takalmina.

Da yamma rediyo ya ce ɗaliban kwalejin sun yi zanga-zangar lumana, an biya musu buƙatarsu. Ba ƙarya aka yi ba. Ƙishirwar 'yan hostal ta gaske ce, na ga yadda suke layi da bokiti a rijiyar cikin gari. Na daɗe ina jin haushinsu, daga baya na koma jin haushin Baba, daga ƙarshe na ji haushin kaina da ban ce a motar nan a tsaya a sake tunani ba. Su a wurinsu kai ake ƙirgawa, mu kuma muka tura wakili, iyakar abin da ya faru ke nan.

Na sami Yaya a tsakar gida tana kankare tukunyar da ta dafa wa masu shuka abinci.

"Ka gaishe shi?"

"Na gaishe shi, Yaya."

"Ka ce mu muka aiko ka?"

"Na faɗa."

Na kwashe yadda aka yi na gaya mata. Ta ce, "Ikon Allah," ta ci gaba da kankara.

Bayan an gama noman farko mun yi ƙoƙarin sake taruwa, amma jarrabawa ta ƙarato, ƙungiya kuma ta ce an rufe magana. Da sabon zango ya kama bas ta tsaya, mijin Yaya da kansa ya riƙa kai ta a babur ɗinsa yana komawa ya ɗauko ta. Mako biyu ya jure, makarantarsa ta fara watsewa, iyayen yara suka fara magana. Ita ce ta ce masa ya bari haka.

Ni kuwa da na rasa abin hawa sai wani abokina ya ba ni gefen katifa a hostal. Ranar da zan tare na biya in yi mata sallama. Ta shiga ɗaki ta fito da wata jakar leda cike da littattafanta, an ɗaure da tsumma.

"Na shekarar ƙarshe ne, ba ka kai nan ba tukuna. Ka adana su, kada gara ta ci."

Da su na yi karatu a shekarar da ta biyo. Rubutunta yana nan a gefen kowane shafi har tsakiyar littafi na uku, daga nan babu.