Goggo Talaleu Mai Alewar Kirsimeti

Da watan Nuwamba ya kama, kafin a buga ƙararrawar addu'ar safe a ƙauyenmu da ke gaɓar tsibirin Savai'i, hayaƙi ya riga ya tashi daga rumfar girkin bayan gida. Goggo Talaleu ce. Ta hura wuta da ɓawon kwakwa, ta ɗora fallen kwano a kan duwatsu, ta zuba 'ya'yan koko tana juya su da guntun katako. Ba kallonsu take yi ba, don idanunta sun daɗe da yin hazo. Saurare take yi. In suka fara fashewa ƙas-ƙas, ta san saura ƙiris. Ta sauke, ta ɓare su ɗaya bayan ɗaya da zafinsu, ta daka a turmi har su saki mai, su koma baƙin ƙullu mai sheƙi. Cakulan ɗinta ke nan. Rana na ɗagawa sai ta koma kan tukunyar ƙarfe: sukari ya narke ya yi ja, ta kwarara madarar kwakwa, tukunya ta yi tsaki, ta bi da muciya. Wata alewar ta sha soyayyiyar gyaɗa, wata kankararriyar kwakwa, wata a tsoma ta cikin cakulan. Da yamma ta zauna a tabarma tana naɗe su a ganyen ayaba, tana ɗaurewa da zaren kwakwa.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana haka, kuma ko sau ɗaya ba ta sayar ba. Kyauta ce ta Kirsimeti, da sunan danginmu take fita.

Da sunan danginmu na ce, ba da sunanta ba. Kowa a nan ya san matsayin matar da aure ya kawo ta ƙauyen mijinta. A taron dangi bayan ginshiƙai take zama, ita ke kawo abinci, ita ke ci a ƙarshe, kuma ba a tambayarta me ta gani. Goggo daga tsibirin Upolu ta zo, tana 'yar ashirin da biyu, ta auri Kawu Penaia, wan mahaifina. Ni da aka haifa a gabanta, tun ina 'yar shekara goma wurin zamana ya fi nata. Wanda ya ga rashin kunya a wannan magana ya zo ya same ni, ya san gidanmu.

A tambayi tsohuwar nas ɗin asibitin gundumarmu. Ita ta gaya mini cewa tun da ta kama aiki, ba a yi Kirsimetin da majinyacin da ya kwana a ɗakinta bai tashi ya ga ƙullin ganyen ayaba a gefen matashinsa ba. A tambayi samarinmu masu tsinkar tuffa a New Zealand, waɗanda kan buɗe kwali a ɗakin haya su tarar kowa da ƙullinsa. A tambayi duk wanda ya ga shekarar babbar guguwa, da rufin coci ya tashi, itatuwan kokon da ta dasa da hannunta suka kwanta ƙasa. Mutane na tsintar kwanon rufi, ita tana bin taɓo tana tsintar 'ya'yan kokon da ba su ruɓe ba. Wani ya ce mata, "Talaleu, mutane ba su da rufi, ke kina ta alewa?" Ta ce, "Rufi aikinku ne. Yara kuwa ba su san an ɗage Kirsimeti ba." A shekarar ƙullin bai fi babban yatsa ba, amma ba gidan da ya rasa.

Ke ce, Goggo, kika yi shekara goma sha ɗaya kina dafa abin da ba ki isa ki sa a baki ba. Tun ranar da likita ya ce ciwon suga ya kama ki, ba ki ƙara lasar muciya ba. Sai ki ɗiga alewa cikin kofin ruwan sanyi, ki murza da yatsu biyu, ki ce ta yi ko ba ta yi ba, kuma ba ki taɓa kuskure ba. Hannuwanki duk tabon ƙuna ne, sabo a kan tsoho. Ban taɓa jin kin nuna wa wani ba.

A watan Agustan bara Kawu Penaia ya rasu. Aka binne shi a ƙofar gida kamar yadda muke yi wa namu. Su biyu Allah bai ba su haihuwa ba, kuma matar da ba ta da ɗa a gida, in mijinta ya mutu, ba abin da ya riƙe ta. Ba mai korarta. Amma in ba a ce mata zauna ba, ta san abin da shirun ke nufi, kuma mace mai mutunci ba ta roƙon wurin zama. Makonni suka shige, ba wanda ya ce kome. Ƙanenta Saipele ya aiko daga Upolu cewa ya gyara mata ɗaki. Ta aika masa ya bari sai bayan Kirsimeti, akwai koko a shanya.

Sai ga wata safiya Goggo Moeao ta dogaro sandarta zuwa rumfar girki. Ita ce babbar yayar mazan gidan duka, shekarunta sun haura tamanin, harshenta kuwa ko fasto yana kaffa-kaffa da shi. Tun zuwan Talaleu take kiranta baƙuwa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ta a wannan rumfa.

"Matsa, baƙuwa," in ji ta. "Tunda tafiya za ki yi, gara in koya. Me ke ciki? Ba sukari da wuta ba ne?"

"Shi ke nan, Yaya. Sai dai wutar ba ta san ke 'yar gida ce ba."

Tukunyar farko ta ƙone ƙurmus. Goggo Moeao ta ɗora laifin a kan itace, a kan muciya, a kan sukarin zamani. Talaleu ta kankare tukunya, ta sake ɗorawa. Da alewa ta fara kauri, sai ta ɗebi ludayi biyu ta zuba a wani ƙaramin kwano, ta ƙara madarar kwakwa, ta ajiye gefe, ta bar sauran a wuta.

"Wannan fa? Ai ba ta nuna ba."

"Ta nuna. Ta mutum ɗaya ce."

"Wane malalacin ne ke shan alewa kamar kunu?"

Talaleu ta ci gaba da juya muciya. "Mai ƙulli uku a zare."

Ashe kowane ƙunshi da irin ɗaurinsa, da shi take gane na wane ne ba sai ta gani ba. Ƙulli ɗaya na kowa da kowa ne. Biyu, na jikan fasto da gyaɗa ke kumbura wa fuska. Na masu ciwon suga irin nata, cakulan ne zalla mai ɗaci, zarensa doguwar jela. Goggo Moeao kuwa ba sai an gaya mata ba, ta san yawan ƙullin da take kwancewa duk safiyar Kirsimeti: uku ne.

Tukunya ta sake yin tsaki. Goggo Moeao ta dubi ƙaramin kwanon.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka cire miki haƙoran ƙasa."

"Shekara goma sha tara! Ni da nake bin ƙauye ina cika baki, ina cewa har yau ina tauna alewa, sa'o'ina duk sun koma tsotso?"

"To ai ba ƙarya kika yi ba, Yaya. Kina taunawa."

Tsohuwa ta ɗauki sandarta ta fita. Kirsimeti ya zo ya wuce, ƙulli ya shiga gida-gida, aka yi ta gode wa danginmu kamar kullum. Goggo Talaleu ta wanke tukunyarta ta kife, ta haɗa kayanta a akwati guda.

Kwana uku bayan haka Saipele ya sauka daga jirgin ruwan safe da motar aro. A ranar ce kuma magini ya zo zuba siminti a kan kabarin Kawu Penaia. Kawu Faleafa, shugaban danginmu, yana tsaye yana nuna masa iyaka, an kafa turaku an ja igiya. An riga an ɗora akwatin Talaleu a bayan mota, tana bin mutane tana sallama. Sai Goggo Moeao ta fito, ta sa sanda ta ture turke ɗaya.

"A ƙara kamu uku ta nan."

Magini ya ce, "Inna, ai mutum ɗaya ne a ciki."

"Ni na goya shi, kai za ka gaya mini? Na ce a ƙara."

Kawu Faleafa ya yi gyaran murya. "Yaya, me za a yi da fili haka?"

"Ina kake so ta riƙa shanya kokonta, a kan sanƙonka? Kuma in ranarta ta zo, ina za ku sa ta? Bayan rumfar girki?"

A wurinmu namiji ba ya tsallake maganar 'yar'uwarsa, ko da shi ne shugaba. Kawu Faleafa ya dubi yayarsa, ya dubi matar ɗan'uwansa, sannan ya sunkuya da kansa ya tsige turken, ya auna kamu uku, ya kafa. Ya juya wajen Saipele ya ce, "Suruki, ka yi haƙuri da wahalar hanya. Ka zauna ka ci abinci, amma kai kaɗai za ka koma."

Goggo Talaleu tana tsaye, ta rufe baki da gefen zanenta. Sai ta ce, "Yaya, ina raye kike auna mini kabari?"

"Yi mini shiru, baƙuwa. Ke dai kada ki kuskura ki riga ni."

Saipele ya sauke akwati yana dariya yana share ido.

Bana ta ce ta ajiye muciya, idanu sun ƙi, kuma ƙafa ba ta jure tsayuwa. Za ta zauna a kujera kusa da wuta, mu juya, ita ta murza ta yanke hukunci. Mu bakwai muka sa suna, kuma biyar a cikinmu 'ya'yan gida ne da ba su taɓa sanin zafin wannan rumfa ba.

Mun gode, Goggo, mai hannun da bai san rowa ba. Mun gode da kokon da kika dasa a ƙasar da ba a taɓa ce miki taki ce ba. Mun gode da kika san haƙoranmu da cututtukanmu, alhali da yawanmu ba mu san ko sunan ƙauyenku ba. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa simintin nan ya daɗe yana shanyar koko kawai.

Ku kuma masu karatu, akwai irinta a gidanku, kun san ta, ita ce ta miƙo muku abinci ɗazu. Ku koyi irin aikinta, wannan ɗaya ne. Na biyu ya fi sauƙi, amma mu sai da muka shekara arba'in da ɗaya kafin mu iya shi: ku tashi yau ku zagaya bayan gida, ku kira ta da sunanta, ku ce mata ta zauna.