Murfin Tankin da Ya Mai da Yayana Ɓarawo

An kori yayana daga aiki, wai yana satar fetur. Manajan kamfanin katako ne ya faɗa da bakinsa, a tsakar fili, gaban masu lodi da direbobi. Ya ce tankin zarton Yaya yana riga na kowa ƙarewa, don haka akwai inda man yake tafiya. Akwai inda yake tafiya kam. Ƙafar Yaya yake bi, kuma ni na ga ƙafar da idona.

Tun ina ƴar makaranta Yaya yake sare itatuwa da zarton inji. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da safe yakan raka ni bakin titi, garin katakon jiya na maƙale a gashinsa, ya gyara mini igiyar jaka da yatsun nan nasa masu kaushi kamar ɓawon itace, ya ce, "Auta, ban da wasa a hanya." Yau ina da furfura da ƴaƴa manya, amma har gobe Auta nake a bakinsa.

Aikin ya ci rabonsa a jikinsa. Kunnensa na hagu ya tafi, shi ya sa in yana maka sirri har maƙwabta sai sun ji. Hannunsa na rawa ko da kofi ya riƙe. Hancinsa kuwa ya mutu murus saboda shaƙar hayaƙi. Ko girki ya ƙone a gabansa, sai dai ya ga hayaƙin ya tambaya ko lafiya.

Zarton na kamfani ne, amma ya daɗe a hannunsa har ya raɗa masa suna Tsohuwa. Kullum kafin ya mai da ita sito sai ya goge ta, ya wasa haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, yana mata magana ƙasa-ƙasa, wato ƙasa-ƙasa irin tasa.

Da robar cikin murfin tankinta ta bushe ta tsage, mai ya fara tsatsafowa. Yaya ya je wurin mai sito ya nemi sabon murfi. Mai sito ya ce babu, kuma in ya matsa, rubutawa za a yi zarton ya tsufa a jefa shi cikin tarkace. Wannan maganar ce ta rufe wa Yaya baki. Sai ya yi abin da masu yankan itace suka saba: ya ninka leda, ya shimfiɗa a bakin tanki, ya murɗa murfin a kai. Yoyo ya tsaya. Amma murfin nan yana da wata ƴar kafa da iska ke shiga, leda ta toshe ta. Tsohuwa ta koma in ta ɗan yi yanka sai ta shaƙe ta mutu. Shi kuma sai ya ɗan sassauta murfin, wai ta sha iska. In za a kayar da itace kuwa, kwantar da zarto ake yi a gefensa, dab da gwiwa. Fetur ya yi ta bin wandonsa. Sanyin da yake ji ya ɗauka gumi ne.

Matarsa ta yi magana har ta gaji.

"Malam, warin fetur kake. Kada ka matso kusa da murhuna."

"Warin sana'a ne."

"Sana'ar ce ta ci launin wando ƙafa ɗaya ta bar ɗaya?"

"To ki daina sa masa sabulu mai ƙarfi mana."

Da labarin korar ya iso ni, na tafi gidan ko mayafi ban daidaita ba. Na same shi a kan benci a bayan ƙofa, ba a waje inda ya saba zama da maƙwabta ba. Ya daina fita. Ya ce in ya bi layi gani yake kowa na kallon hannunsa. Mutumin da in ya tsinci ƙusa a filin kamfani sai ya kai sito!

Matarsa ta durƙusa ta naɗe masa ƙafar wando.

"Ke, Auta ce fa a nan!" Ya kama kokawar saukewa, kunya ta kama shi kamar yaro.

Daga gwiwa zuwa idon sawu fatar ta yi ja, ta saɓule, wani wurin ya tsattsage. Na zauna a ƙasa na riƙe ƙafar, na ce masa ga inda fetur ɗin da ake nema yake tafiya. Shi ne ma ya dafa kaina yana cewa ba ta ciwo sosai.

Na ce gobe zan je in sami manajan nan. Sai ya ce, "In kin je, ki tambaya wa aka ba Tsohuwa. In dogon nan ne mai shan taba, ki ce masa don Allah kada ya kunna ashana in yana riƙe da ita. Yana da ƙananan yara."

An kira shi ɓarawo, shi kuma abin da ya hana shi sukuni ke nan.

Na je. Aka ce manaja yana taro, na bar saƙon dogon a wurin mai gadi. Tunda ba a ba ni kujera ba, ga maganata a rubuce.

Ku masu kamfani, ku ɗauko zarton nan, ku cika tankinsa, ku kwantar da shi a gefe a kan busasshen katako, ku tsaya ku kalla. Ku tambayi mai sito abin da ya gaya wa yayana. Ku canja murfin kowane zarto kafin wani ya kama da wuta a daji. Sannan manajanku ya tara masu lodin nan da direbobin nan, a filin da ya yi maganar farko, ya ce yayana bai saci komai ba. Ya ɗaga murya kuma, ya tsaya ta daman Yaya, don ta nan yake ji.