Turbon Kantar Audi

Audi mutumin Pauwa ne, amma a Kankara aka fi saninsa, a tashar motocin hatsi. Gajere ne, ba ya yawan magana. Gonar gadonsa ya sayar ya haɗa da abin da ya tara a tuƙi, ya sayi tsohuwar motar lodi, Kanta. Da ita yake ɗauko masara daga Sabuwa, ya bi ta Funtua da ƙasar Faskari ya kawo Kankara. Yawancin lodin na yayansa ne, Nata'ala, ɗan kasuwar hatsi mai fama da ciwon suga, wanda ba ya yarda buhunansa su yi tafiya ba ya cikin motar.

A wannan hanyar direbobi ba sa tsayawa. Ko fitsari ya matsi mutum, sai dai ya daure har a shiga gari, saboda ɓarayin daji.

Da kakar bara motar ta fara wani irin fito kamar na buta a kan wuta. Tana shan baƙin mai, salansa na fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi, in ta zo hawa kuwa sai ta riƙa nishi. Audi ya san turbo ne ya gaji, wato na'urar da ke hura wa injin iska ya samu ƙarfi. Lokacin kuwa masara ta cika Sabuwa, kowa na neman mota.

A bakin titi a Funtua ya samu wani bakanike mai daɗin baki. Mutumin ko buɗe turbon bai yi ba ya ce, "Direba, je ka ci abinci ka yi azahar. Kafin ka dawo na gama."

Haka aka yi. Audi ya dawo ya tarar da turbo yana ƙyalli, an wanke shi tas da fetur. Fiton ya ragu. Ya ji daɗi, ya wuce Sabuwa ya yi lodi.

Washegari da la'asar, sun wuce Sheme kaɗan, injin ya ɗauki ruri shi kaɗai. Audi ya ɗage ƙafa daga totur, rurin ya ƙaru. Ya kashe makulli, injin bai mutu ba, don baƙin mai ya ɓalle ta cikin turbo, shi injin ke ci. Farin hayaƙi ya rufe titi, ya tashi sama kamar ana ƙona gona. Da ƙyar ya jefa babbar giya, ya danne birki, ya saki kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu.

Shiru ya biyo baya. Sai suka ji babura daga cikin daji.

"Yaya, sauko mu shiga dawa," in ji Audi.

Nata'ala ya sauko, amma ƙafarsa a kumbure take. Ya yi taku kaɗan ya tsaya yana haki. "Tahi kai dai. In suka kama mu duka, wa zai nemo mu?"

Audi ya ja hannunsa, Nata'ala ya fizge. "Na ce ka tahi!"

Daga cikin gonar dawa, kwance rub da ciki, Audi ya ga an ɗora yayansa a tsakiyar mutum biyu a kan babur. Hularsa ta faɗi a titi, ba wanda ya ɗauka.

Da ɓarayin suka kira, abin da suka nema ya fi ƙarfin dangi. An sayar da masarar, an sayar da shanun noma, bai isa ba. Saura motar. Wani Alhaji Muslim na Malumfashi ya ce zai saya, amma sai ya ga tana tafiya da lodi. Matacciyar mota kuɗin ƙarfe kawai za ta yi.

Wannan karon Audi bai tsaya a bakin titi ba. Ya bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: wa ya gyara maka turbo, kuma tun yaushe kake aiki da shi? Wanda ya yabi bakanike don sauƙin kuɗi ko sauri, sai Audi ya yi godiya ya wuce. Sunan da ya riƙa fitowa daga bakin waɗanda gyaransu ya daɗe shi ne Malam Jabiru, a wani lungu a Zariya.

Audi ya ciro turbon ya kai masa, Malam Jabiru ya kwance shi a gabansa. Ya kama farfelar ciki ya girgiza, tana rawa kamar haƙorin da zai fita.

"Wanda ya taɓa wannan wanka kawai ya yi masa," ya ce. "Sandar tsakiya ta cinye, robobin da ke tare mai tsofaffi ne. Ka kawo mini bututun da ke kai masa mai ma, ina zaton ya toshe. Sannan sai na aika Kano a daidaita farfelar a kan inji. Ba aikin yau ba ne, ba na gobe ba."

"Malam, yayana na hannun mutanen daji. Ba shi da lafiya. Ka haɗa mani shi haka nan, ya kai ni Malumfashi kawai."

Malam Jabiru ya goge hannu da tsumma. "Allah ya kuɓutar da shi. Amma in na haɗa haka nan, wani direban zai tsaya a inda ka tsaya. Zan ajiye duk aikin da ke gabana in yi naka. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Audi ya zage shi, ya tattara ƙarafunan a buhu ya fita. Ya kai bakin titi, ya tsaya, ya komo ya ajiye buhun a gabansa.

Sama da mako yana kwana a masallacin garejin. Kullum ɓarayin na kira. Wata rana suka ba Nata'ala waya, muryarsa can ƙasa, ya ce ƙafar ta fara wari. Matarsa Hafiza ta kira Audi tana kuka, tana tambaya me ya zaunar da shi a Zariya.

Da aka mayar da turbon jikin motar, gyara ya yi kyau. Alhaji Muslim ya sa aka cika motar da buhuna, aka hau tudu da ita, ba hayaƙi ba fito. Ya saya, aka cika kuɗin fansa aka kai wa ɓarayin.

An sako Nata'ala a bakin wani ƙauye na Faskari, a kan amalanke aka kawo shi titi. Likita ya duba ƙafar ya ce an makara, aka yanke ta daga gwiwa. Ya rayu, amma bai ƙara zuwa kasuwa ba. Yini yake a zaure. Bai taɓa ɗora wa ƙaninsa laifi ba, sai dai Hafiza har yau gaisuwa kaɗai ke haɗa ta da Audi.

Alhaji Muslim ya ɗauki Audi direba a kan motar da ta kasance tasa. Siminti yake ɗauka yanzu tsakanin Malumfashi da Katsina, kuma gida biyu yake ciyarwa. Turbon bai ƙara ba da matsala ba. In an yi masa maganar lodin Sabuwa, sai ya ce a nemi wani.