Hoton da Aka Kai Ƙasar Annasara

Inna ba ta yarda da kowa ba, kuma ni na gaje ta. Har yau in mutum ya miƙo mini kyauta, kafin in ce na gode sai na juya abin na duba ƙasansa. 'Ya'yana suna yi mini dariya, su ce ko ruwan zamzam aka ba ni sai na tambayi wanda ya ɗebo. Ba na musu, don na san inda na samo halin.

Mun sauka Yamai a shekarar da fari ya cinye mana gona da bisashe a Adar. Dama Baba direba ne a birni, yana jan kamiyo, babbar motar kaya, shi ya aika muka zo. Ya kama mana ɗaki a Harobanda, ƙetaren gada, a gidan wata dattijuwa Bazabarma da kowa ke kira Hajiya. Ba mu daɗe ba sojoji suka karɓi mulki. Baba ya shiga jigilar hatsin taimako zuwa arewa, sai ya yi makonni ba mu gan shi ba. Duk ranar da zai tafi, wasiyyarsa ɗaya ce: kada mu yi maganar gwamnati ko da kyankyason ɗaki. Lokacin kowa na zargin kowa. Mai shayin bakin titi ma an ce ɗan rahoto ne, don kawai ba ya gajiya da sauraron hira. Wannan zamani ya yi wa Inna daidai, don a karon farko duk gari ya koma irin halinta.

Hajiya ce ta kai ta gidan 'yan mishan. Wasu mata annasara ne masu lulluɓin fari, ana ce wa kowace maser. Da safe suna koya wa mata ɗinki da saƙa a ƙarƙashin rumfa, a ɗakin da ke gefe kuma suna koya wa 'yan mata karatu. Ranar Juma'a a ba kowace mace jar dawa da garin madara da mai a gwangwani. Inna ta karɓa, don ba mu da zaɓi, amma ba ta karɓa da ido rufe ba. Dawar sai ta fara watsa wa kazar Hajiya, ta zauna tana kallonta har la'asar ta ga ko za ta faɗi. Man kuwa ta shinshina, ta ɗiga a wuta, ta sake shinshinawa, wai neman kitsen alade take. Ruwan gidansu ba ta taɓa kai shi baki ba, da butarta take zuwa.

Duk da haka hannunta ya faɗa da saƙa. Kafin damina ta zagayo tana saƙa hular jarirai da safa, tana kai wa ƙofar gidan haihuwa ta sayar, da shi muke cefane in Baba ya daɗe. In Hajiya ta tsokane ta, ta ce ai ta zama 'yar mishan, sai Inna ta ce ita ba koyo ya kai ta ba, gadi take zuwa, tana son ta gano abin da suke nema.

Ni kuwa na sami abin da nake so a duniya. Lakwal ɗin gwamnati, wato makarantar boko, ta ƙi ni saboda ba ni da takardar haihuwa, ga shi an ce na yi girma. A ɗakin maser babu wanda ya tambaye ni takarda. Aka ba ni ɗan allon dutse da alli, na ga hannuna ya rubuta abin da wani zai iya karantawa. Daɗin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, har tsoron ranar Lahadi nake don babu karatu. Sai dai kullum na dawo akwai bincike a bakin ƙofa. Inna ta ɗaga mini haɓa ta duba wuyana ko an rataya mini wani abu, ta taɓa kaina ta ji ko an zuba mini ruwa, sannan ta ce in karanto Fatiha. In na yi gargada sai ta ce to, an fara.

Wata rana babbar maser ta tara iyaye mata. Doguwa ce, busasshiya, tana jin Hausar kasuwa, irin wadda namiji da mace duk ɗaya ne. Ta ce kuɗin karatu daga ƙasarsu yake zuwa. Za a ɗauki hoton kowace yarinya a aika can, mutanen coci su duba, kowane gida ya zaɓi ɗaya ya riƙa biya mata. Wadda aka zaɓa za ta ci gaba har babbar lakwal ɗinsu ta cikin gari.

Muka koma gida. A wancan lokaci hoto ba abin wasa ba ne, na katin shaida ne ko na ofishin 'yan sanda. Inna ta zauna bakin murhu ta ce wa Hajiya, "Ke ki hwaɗa mini, wane mahaluki za shi ciyar da ɗiyar da bai haifa ba, bai taɓa gani ba? Mi za shi samu?"

Hajiya ta ce, "Lada suke nema, kamar kowa."

"Lada? Nan kusa da su babu matalauta, sai sun ƙetaro teku? Ni na gane. Ɗiyan da ba su da kowa suka nema. In sunka ga yarinya cikin tsumma, sai su ce wagga ba ta da mai ita, su aiko a ɗauko musu."

Na ɗauka shi ke nan, za ta hana. Amma Inna ba ta gudun abokin gaba, gwada masa ƙarfi take. Ta yanke shawara za a ɗauki hoton, amma za a ɗauke shi yadda duk annasaran da ya gani zai san yarinyar nan tana da dangi masu ido a kanta.

Kwana biyu ana shirya ni. Aka yi mini kitso, aka sa mini lalle da kwalli. Hajiya ta buɗe adakarta ta fito da 'yan kunnen zinari da ta sayo a Makka, da sarƙa, da zanen jikarta na sallah, da takalmi mai ƙyalli wanda ya yi mini yawa aka cusa tsumma a ciki. Da muka isa, sauran 'yan mata suna tsaye a jikin bango da kayansu na kullum, wasu ko takalmi babu. Inna ta dube su da tausayi, ta ce iyayensu sun yi sakaci. Na ga maser ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta buɗe baki, ta kuma rufe. Har yau ina riƙe da ita a kan wannan shirun, don da ta yi magana a lokacin da an huta.

Bayan wasu watanni amsa ta fara zuwa. Yau a kira wannan a ce ta sami gida, gobe a kira waccan. Har wadda ke kwana a aji ta samu. Ni da nake gaba da kowa a karatu, shiru. Daga ƙarshe maser ta kira Inna ofis, ina raɓe a bayanta, ta ajiye hotona a kan tebur.

Ta ce, "Mutanen can ya duba, ya ce wannan ɗiyar mai kuɗi ne. Ya ce ba ya bukata taimako."

Wallahi fuskar Inna haske ta yi. A ranar babu ɗakin da ba ta shiga ba a gidan Hajiya, tana nuna hoton, tana cewa annasara da kansu sun shaida ɗiyarta 'yar babban gida ce. Sai da Hajiya ta zaunar da ita ta fassara mata sauran maganar da ba ta tsaya ji ba. In ba a sami mai biya ba, daga ƙarshen shekara babu wurina. Hanya ɗaya ta rage, a sake hoton da kayan da nake sawa kullum.

Kayana na kullum riga ɗaya ce. Inna ta ɗinka ta da buhun garin taimako, ta rina da shuni don ta ɓoye rubutun, amma in na tsaya a rana haruffan suna fitowa a ƙirji. Inna ta ce sai dai bayan ranta. Ita da ta sha wuya tana rufa mana asiri, ba za ta ɗauki talaucinmu da hannunta ta aika wata ƙasa a manna a bango ba. Ta ce ga abin da take faɗa tun farko ya fito, tsumma suke so su gani.

Na yi kuka har muryata ta dushe. Na daina cin abinci, abin da a shekarar nan ba ƙaramin rashin kunya ba ne. Baba ya dawo daga tafiya a tsakiyar rigimar, idonsa ya faɗa, da alama ya ga abin da ba ya son faɗa a hanyar arewa. Na kama ƙafarsa. Ya ce shi ba ya son hoto ko na katinsa, amma abin da uwata ta ce shi ke nan. Da zai fita sai na ji ya ce mata a hankali, "Waɗanda na baro can, ko buhun sawa ba su da shi."

Washegari Inna ta ɗauki butarta ta ja ni har ofis. Ta ce wa maser ta yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ita ma za ta shiga hoton, ta tsaya a bayana, kowa ya ga uwar. Na biyu, ba za a aika ba sai ta gani da idonta. "In ban ga kaina ciki ba, na ɗauke ɗiyata, ku riƙe allonku." Maser ta ce to, da sauri ƙwarai, kuma saurin nan bai kwanta mini ba ko a lokacin.

Mai hoton wani ɗan ƙasar Dahome ne mai ƙaramin gemu. Aka tsayar da ni a jikin bango cikin rigar buhu, rana tana dukan rubutun. Inna ta tsaya a bayana, ta ɗora hannu a kafaɗata ta damƙe, har sai da na ji farcenta a ƙashina. Maser ta matsa kusa da mai hoton ta faɗa masa wata magana da Faransanci, gajeriya, ƙasa-ƙasa. Lokacin Faransancina bai wuce gaisuwa da ƙirga ba. Sai na ga mutumin ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya daidaita da tsayina, ya danna.

Ranar da hoton ya fito, mata suna rumfa suna saƙa aka kira mu. Maser ta miƙa wa Inna, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Na leƙa ta ƙarƙashin hannunta. Ga ni nan tsaye, ido zuru-zuru, haruffan buhu raɗau a ƙirjina. Inna kuwa babu ita. Daga sama hoton ya ƙare a kan kitsona, a bayana sai duhun zane. Abin da ya rage nata hannu ne kaɗai, baƙi, jijiyoyi a tashe, yatsu sun nutse a kafaɗata.

Maser ta fara cewa mai hoto ne ya yi kuskure, ba a iya sake kiransa sai wata shekara. Inna ba ta ko dube ta ba.

Ta ce, "Sun yanke ni."

Na san karatuna ya ƙare. Na fara kallon ɗakin ajinmu ta taga, ina jin muryar 'yan mata suna maimaita haruffa, hawaye suka cika mini ido. Inna ta juya hoton ta duba bayansa, ta sake juyo shi, ta kai shi kusa da fuska, ta nisanta. Ta daɗe a haka, har matan rumfa suka daina saƙa suna leƙe.

Can ta ce, "Amma dubi riƙon ga." Da ni take, ba da maser ba. "Duk wanda ya ga hannun ga ya san in ya taɓa ki akwai wadda za shi gamu da ita." Ta ajiye hoton a tebur, ta tura shi da yatsa ɗaya. "A kai musu."

Ba ta yi godiya ba, ba ta yi sallama ba. Muna tafe a hanya ina tsalle a zuciyata, ina tsoron in nuna, sai ta tsaya ta kama kunnena.

"Kada ki ga kamar na yarda da su. Gobe ki tashi da wuri. Ki buɗe kunnen ga ki koyi yarensu har ki fi su. Ina son in san abin da ta hwaɗa ma mai hoton nan."

An zaɓe ni kafin ƙarshen shekara. Wasu tsofaffi ne mata da miji, ban taɓa ganinsu ba, ba su kuma taɓa aikowa a ɗauke ni ba, ko da yake Inna ta ci gaba da duba wuyana har na yi aure. Na koyi Faransanci, na ƙare na koyar da shi har na yi ritaya. Amma kafin in iya, maganar ranar ta riga ta bi iska, ko sautinta ban riƙe ba, maser kuma ta koma ƙasarsu. Wataƙila cewa ta yi ya yanke uwar. Wataƙila cewa ta yi ya yi sauri rana ta yi zafi. Na fi karkata ga na farkon, amma ni 'yar Inna ce, ba a kafa shaida da ni.

Har ta rasu, in abin ya faɗo mata sai ta ce, "To malama, mi ta ce mishi?" In ce ban sani ba, Inna. Sai ta dube ni irin kallon da take yi wa gwangwanin man mishan.