Maganar Baba a Kan Sitiyari

Tun da Umma ta rasu a daminar bara, Baba ya rufe bakinsa. Ba kurumcewa ya yi ba. Yana amsa sallama, yana cewa "to", wani lokaci ya ce "kin ci abinci?" Iyakar kayan da ke shagonsa ke nan. Ni kuwa kowa ya san ni a makaranta. Malamarmu ta taɓa cewa da za a haɗa bakina da waya, da ba a sake ɗauke wuta a unguwarmu ta Rikkos ba har abada.

Yayata tana gidan mijinta a Bauchi, yayana yana karatu a Zariya. Masu zaman makoki sun naɗe tabarmi sun watse, aka bar ni da Baba da agogon bango. Na yi hira da kyanwar maƙwabta har ta canza unguwa. Na ba tukunya labari, na yi wa tsintsiya faɗa. Da yamma idan na ji motsin Baba a ƙofa, sai in tattaro duk abin da ya faru a ranar, in ƙara masa gishiri, in zube masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce "to", ya shiga ɗaki. Ba abin da nake so a duniya irin ya buɗe baki ya yi mini magana mai kai da wutsiya.

Baba direba ne a wani kamfanin madara da ke wajen Vom. Yana tuƙi tun kafin a haife ni, ina jin ma tun kafin duwatsun Jos su gama girma. Sai kamfanin ya ce duk direbobinsa su koma makarantar tuƙi ta ƙwararru. Wanda ya ci jarrabawa za a ba shi sabuwar mota mai firji ya riƙa kai kaya har Abuja. Wanda ya faɗi za a sauke shi daga sitiyari ya koma loda kwalaye. Ba daga bakin Baba na ji wannan ba, ba sai na faɗa ba. Malamar tuƙin ce ta gaya mini, ranar Asabar ɗin da ta ce ya zo da wani daga gida wanda zai riƙa taya shi gwaji. Baba ya duba gidan, bai ga kowa ba sai ni.

Makarantar tana Nasarawa Gwom, a bayan wani garejin masu walda. Malamar Inyamura ce haifaffiyar Jos, gajeriya, da tabarau a kan hanci, kowa Madam yake ce mata. Ta zauna kusa da Baba, ni a baya.

"Oga, na san ka iya juya sitiyari," in ji ta. "Ba shi na zo koya maka ba. So nake in san me idonka yake gani kafin abu ya faru. Ni ba na iya shiga kanka, to sai ka faɗa da baki. Abin da ka gani, abin da zai iya faruwa, abin da za ka yi. Kana tuƙi kana magana, kar ka tsaya."

Na kusa faɗowa daga kujera don dariya. A duk mutanen Filato, Baba aka samu a ce ya yi magana kar ya tsaya.

Ya tayar da mota. Tuƙinsa kuwa, ko kofin shayi ka ɗora a kanka ba zai zube ba. Muka wuce layi, muka hau babban titi, shiru. Sai dai ya danna ham wajen mai shayi, ya danna wajen mai faci, ya danna wa wani tsoho a kan benci.

"Oga, wannan ham ɗin duk na mene ne?"

"Gaisuwa."

"Ba a gaisuwa da ham."

Baba ya kalle ta kamar ta ce ya daina alwala. Kalmar nan ɗaya ita ce duk abin da ya faɗa a darasin ranar. Da muka dawo Madam ta ba ni aiki. Kowace Lahadi in zauna gaba a motarsa, duk lokacin da ya yi shiru ko ya kauce daga maganar hanya, in buga gaban motar da tafin hannu.

Motar Baba ta kansa tsohuwa ce, idan ta tashi kaji uku ne suke suma a layinmu. A Lahadin farko na buga gabanta har hannuna ya yi ja. Da ƙyar na samu ya ce, "Keke."

"Keke me, Baba?"

"Keke dai."

Sai na ce bari in nuna masa yadda ake yi. Na gyara murya. "Ga akuya a hagu. Daga ganin fuskarta ta gaji da duniya, tana iya faɗo mana ta huta. Ga wani mai keke a gaba, shi kansa bai san inda zai juya ba, sai wanda Allah ya nufa. Ga rami, a ciki akwai wata motar da ta faɗa tun bara, mutanen ciki sun saba har sun buɗe shago."

Na ga gefen bakin Baba ya motsa. Ya ce, "Ba akuyar za ki kalla ba, Uwata. Yaron da ke bin ta za ki kalla." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma na daɗe ban ji ya faɗa ba.

Daga nan bakin ya fara buɗewa, amma ta wata hanya dabam. Matsalar Baba ita ce ba ya ganin "mai tafiya a ƙasa" ko "mai tura baro". Kowa a titin nan ya san shi, ya san ubansa. Sai ya fara da kyau, "Ga mai faci a dama, yana iya mirgino taya," sai kuma ya zarce, "kakansa da kakana tare suka haƙa kuza, shi ne wanda rami ya rufta da shi ya fito da ransa." Ya kamata in buga mota. Ban buga ba.

Wata Lahadi muka bi ta Farin Gada, wajen masu kayan lambu. Ya rage gudu, ya ce, "Kasuwa, mutane na tsallakawa ba sa dubawa." Ya nuna gefen titi. "Nan Ummanki take tsayar da ni. Ta ce yanzu za ta dawo, kabeji kawai za ta saya. Sai in yi barci in farka, in same ta tana rigima da mai karas."

Tun rasuwar bai taɓa ambatonta a gabana ba. Na zauna a kan hannuwana don kar ɗaya ya yi kuskuren motsi. Ko numfashi a hankali nake yi.

Ranakun Lahadin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na samu a shekarar. Duk mako ina zaune a aji ina jiran su. Na ji yadda ya fara ganin Umma, ranar da ya shiga kwatami da motar haya ya watsa mata ruwa a kayan makaranta, ta tsaya a tsakiyar titi ta wanke shi tas, shi kuma ya bi ta har gida wai ya je ba da haƙuri, haƙurin da bai ƙare ba sai da aka ɗaura aure. Na ga gidan da suka fara haya, mai ɗaki ɗaya, yanzu shagon cajin waya ne. Na ga inda ta taɓa cewa ya koya mata mota, ta hau kan tulin dankalin wani mutum. Abin haushin, da mun dawo gida ya kashe mota sai bakin ya mutu tare da injin. Sai idonsa yana kan titi, ba a kaina ba, yake iya magana.

Ana saura mako ɗaya jarrabawa muka koma wajen Madam. Baba ya yi ta magana, Madam har tana gyaɗa kai. Yana cikin ba da labarin wanda ya gina wata gada sai ga keke ya fito daga tsakanin motocin da ke tsaye. Baba ya riga ya taka birki, ko girgiza ba mu yi ba. Amma bai faɗa ba.

"Oga, labarin ya yi daɗi," in ji Madam. "Amma da yau ne jarrabawa, ka faɗi."

Da Baba ya je ajiye makulli ta ja ni gefe. "Yarinya, ke kike barin shi, ko?" Ta cire tabarau ta goge. "Mai jarrabawar ba ni ba ce, wani ne zai zo, ba ruwansa da kakan kowa. Babanki da shekarunsa ya koma ɗaukar kwali? Ki yi tunani."

Na yi tunanin. Na yi ta hango shi a bayan mota yana miƙa kwalaye, yaran da ya koya wa tuƙi suna wucewa suna danna masa ham.

Lahadin ƙarshe hadari ya haɗu tun hantsi, ga sanyi. Mun hau titin Bukuru ke nan yayyafi ya fara. Muka zo daidai wani asibiti, Baba ya rage gudu, muryarsa ta yi laushi yadda take yi.

"Ranar da aka haife ki, irin ruwan nan ake yi. Ummanki ta ce mini..."

Na buga gaban motar. Da ƙarfi na buga, har murfin aljihun motar ya buɗe.

"Baba, hanya."

Bai juyo ba. Muka yi tafiya kaɗan, abin share gilashi yana ta ƙara. Sannan ya ce, "To, Uwata." Ya gyara zama. "Ruwa ya fara, titi zai yi santsi, na ƙara tazara da motar gaba. Madubi, akwai tirela a baya, ba zan taka birki da gaggawa ba. Bas a tsaye a dama, wani na iya fitowa ta gabanta. Shataletale a gaba, na sauke giya."

Haka ya yi har muka dawo Rikkos, bai tsallake ko kare ɗaya ba, bai danna wa kowa ham ba. Da Madam tana nan da ta yi rawa. Ni na juya fuska wajen taga ina kallon ruwa, na ce masa sanyi ne ya sa mini mura.

Ya ci jarrabawar. An ba shi sabuwar motar, fara, mai sanyi kamar cikin ƙanƙara. Yanzu rabin mako a hanya yake yi, Lahadi kuma barcin gajiya. Aka kawo Gwaggo, yayarsa, ta zauna da ni. Kunnenta ya yi nauyi, in na ba ta labari sai ta ce "amin".

Kwanan baya, bayan la'asar, ina wanki wayata ta yi ƙara. Baba ne. Ba ya taɓa waya yana tuƙi, don haka na san tsayawa ya yi.

"Lafiya, Baba?"

"Lafiya. Ina gindin Hawan Kibo. Na tsaya ne injin ya huce."

Sabuwar mota ba ta bukatar hucewa, ni ma na san wannan. Ina jin manyan motoci suna wucewa ta gefensa. Bai kashe ba, ni ma ban kashe ba. Na goge kumfa a zanina, na ce, "Baba, me Umma ta ce maka ranar da aka haife ni?"

Ya ce, "Dogo ne, Uwata. Madara kuma ba ta jira."

"To, Allah ya kiyaye hanya."

"Amin. Ki gaida Gwaggonki."

Na je na gaishe ta da ƙarfi a kunne, ta ce in rufe mata taga. Na rufe, na koma kan wankina.