Armaya'u Safiyo, Wanda Ya Auna Ruwa Har Ƙofar Gidansu

Masu shayin bakin tashar Tambuwal ba su gama hura gawayi ba Malam Armaya'u ke wucewa. Daga masallaci ba ya komawa ya kishingiɗa. Yana shiga gida zai ɗauko na'urar awon ƙasa mai ƙafa uku ya ɗaure ta bayan babur, ya rataya gorar ruwa, matarsa Mardiya tana biye da shi da kwanon kunu. A tsaye yake sha, hannu ɗaya a kan babur.

"Malam, ko zamnawa ka yi ka sha kamar kowa."

"In na zamna, rana ta riga ni gulbi."

Haka ta saba ji, haka kuma ta saba karɓar kwanon da sauran kunu a ciki. Shi kuwa sai ya miƙi hanyar Kebbe, hanyar da ke karya ƙugun matasa balle na mutumin da furfura ta cinye wa gemu. A wannan watan ne ya ajiye aiki, shi ya sa muka ga lokaci ya yi da za a faɗi abin da ya yi a gaban jama'a, tun yana ji da kunnensa.

Safiyo ne na sashen filaye a ƙaramar hukuma. Mafi yawan rayuwarsa ya yi ta ne yana auna filin gida, rumfar kasuwa, iyakar gona tsakanin 'yan'uwan da suka daina gaisawa. A wannan aikin ne ya ga garin yana kumbura ta kowace kusurwa. Inda ya auna gonar gero bara, bana unguwa ce. Kuma duk wanda ya kafa wa turke a fili, kafin ya ce an gode sai ya tambaya: "Malam, wuta za ta kawo nan?" Ya ga masu walda zaune a inuwa suna kallon ƙarfe, janareta ya ƙi tashi. Ya ga tela yana ba yara haƙuri ranar jajiberin salla. A asibitin wani ƙauye ya tarar da ma'aikaciya tana zubar da allurar rigakafi saboda firji ya kwana biyu da ɗumi. Wannan tambaya ta mutane ita ta hana shi sukuni. Duk taron da aka kira shi, ko na rabon rumfuna ne, sai ya karkatar da zance zuwa ga gulbin da ke kudu da Kebbe, wanda ke cika ya tumbatsa da damina ya wuce abinsa ba wanda ya amfana da ƙarfinsa. Har abokan aikinsa suka riƙa yi masa tsiya, da ya buɗe baki sai su ce, "To, ga gulbi nan ya taso."

Da aka turo ayarin injiniyoyi su tsara ƙaramar madatsar ruwa da za ta ba da wutar lantarki, shi aka haɗa su da shi. Waɗanda suka gan shi ranar sun ce kamar yaron da aka ɗinka wa sabuwar riga. Ya shiga daji da su, ya bi gaɓar gulbi sama da ƙasa, cikin zafin bazara da caɓin damina, yana auna inda ruwa zai tsaya idan an tare shi.

Awon ne ya kai shi gida.

Tungar Ɗangiwa ƙauye ne a bakin fadama. Can aka haife shi. Can Goggo Hinde take, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Can kuma mahaifinsa yake kwance, a maƙabartar da ke bayan kukoki. Sirajo, direban ayarin, ya ce ya ga Malam Armaya'u ya leƙa na'ura, ya ɗago, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya sake leƙawa. Sai ya naɗe na'urar, ya koma baya ya faro awon daga farko. Abin da ya fito ɗazu shi ya sake fitowa. Ruwan zai ci fadama, ya ci gidaje, ya haura har kukoki.

Shugaban ayarin ya ba da shawarar a yi shiru tukuna, har a amince da tsarin, don kada a ta da hankalin mutane kan abin da bai tabbata ba. Ba mugunta ba ce, tsoron rigima ne. Malam Armaya'u ya ce ba zai iya ba.

"Yallaɓai, gobe in na shiga garin ga, gaishe ni za su yi, su ba ni hura in sha. Ba ni iya shan hurar mutum ina ɓoye mishi ruwa za shi ci ɗakinai."

Ranar Juma'a ya tafi. Bayan an idar da salla ya roƙi jama'a su ɗan dakata a gindin tsamiyar ƙofar masallaci. Sirajo yana tsaye a gefe, ya bar mota a kunne, don bai san yadda za a ƙare ba.

"Jama'a, ban zo da labari mai daɗi ba," in ji shi. "Ruwan da aka son tarewa, in an tare shi, za shi ci garin ga. Za shi shiga masallacin ga da muka hito yanzu. Za shi ci gonakin fadama, har da tamu."

Maigari Na'iya, abokin mahaifinsa ne tun na ƙuruciya, ya dogara sanda ya miƙe.

"Armaya'u, kai ka auna?"

"Ni na auna, Baba."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Ubanka shina kwance can bayan kukoki. Shi ma ka auna shi?"

Malam bai sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Har can ruwan za shi kai, Baba. Don haka na zo da kaina, ban bari kun ji ga bakin baƙo ba."

Hayaniya ta ɓarke. Wani ya ce ya sayar da su don mutanen birni su sha fanka. Wani ya tumɓuke turken awo ya jefar a gabansa. Ba wanda ya taɓa shi, amma ba wanda ya raka shi mota, shi da a da yara da manya ke yi wa rakiya har bakin gari. Da ya biya gidan Goggo Hinde ya yi sallama, ba ta amsa ba. Da kaka ta yi ya aika mata da buhun shinkafa kamar yadda ya saba, sai buhun ya dawo a ɗaure yadda ya tafi, da saƙo: "Ku ce mishi na ƙoshi."

Kai ne, Armaya'u, wanda aka rufe wa ƙofar gidansu, washegari ka koma ka sake sallama. Kai ne ka ƙi zaɓar ɓangare guda ka huta. Da ka bi ayarinka ka bar ƙauye da kukansa, da ba wanda zai tuhume ka a ofis. Da ka bi danginka ka ce a fasa, da an karɓe ka hannu biyu a Tunga. Ka tsaya a tsakiya, inda duka ke zuwa ta gaba da ta baya.

Daga nan ne zaman ya ƙare masa gaba ɗaya. Ya nemi Arɗo Atu, shugaban makiyayan yankin, ya ajiye babur ya bi shi da ƙafa a kan burtali, don ya ga inda shanu ke tsallaka gulbi da inda za su sha in mashayarsu ta nutse. Ya dawo ƙafafu a kumbure, Mardiya tana gasa masa da ruwan zafi yana ta zancen inda za a buɗe sabuwar hanya. Ya zaɓi wani tudu kusa da titi inda yake ganin za a mayar da garin, don sandunan wuta su isa da sauƙi. Matan Tunga suka aiko Nasiha, ma'aikaciyar lafiyar ƙauyen, ta gaya masa tudun nan dutse ne, ko an haƙa rijiya ba a samun ruwa, su kuma ba za su bar bakin gulbi su koma sayen ruwa ba. Bai yi musu ba. Ya ɗauko mahaƙa suka gwada, suka ci karo da falalen dutse. A gaban mutane ya ce matan sun fi shi gaskiya, ya watsar da aikin da ya sha wahalarsa, ya shiga neman wani wurin tare da su.

Maganar maƙabarta ce ta fi ci masa rai. Ya kai ta har taron masu tsara aikin a Sakkwato, ya roƙi a rage tsayin bangon madatsar. Injiniya Mas'uda, wadda lissafin wutar ke hannunta, ta dube shi ta ce, "Malam, in muka rage bangon yadda kake so, wutar ma za ta ragu sosai. Akwai garuruwan da sai dai su ci gaba da jira. Wa zai je ya gaya musu?"

Shi ya je. Ya tara masu sana'a a Kebbe ya shimfiɗa musu maganar yadda take. Atiku mai walda, wanda ya fi kowa goyon bayansa tun farko, ya tashi a fusace.

"Malam, mu da rai muke, da iyali. Yanzu saboda waɗanda suka riga mu gidan gaskiya za a bar mu cikin duhu?"

"Atiku, ba ni da amsa yau. Amma ba ni yi maka ƙarya, kamar yadda ban yi musu ba."

A wannan tsakanin ya rame. Yau yana Tunga, gobe Kebbe, jibi a motar Sakkwato. Ko a masallaci, da liman ya sallame za ka gan shi yana laluben takalmi. Ya yi ta komawa wurin Injiniya Mas'uda da sabon awo, har ta ce sai ya kai ta ta ga wurin da idonta. Ta je, ta zagaya kukokin, ta tsaya daga nesa ta yi wa mamata addu'a. Ita ce ta samo mafita: a rage bangon kaɗan yadda wutar ba za ta yi rauni ba, a kuma zagaye maƙabartar da ganuwar ƙasa da dutse, da hanya ta tudu da za a riƙa shiga. Malam ya ƙara da sharaɗi guda, ya kafe a kai har aka sa shi cikin tsarin: garin da ya tashi don wuta, shi za a fara ja wa waya.

Gidaje dai za su tashi. Fadama za ta tafi, har da gonar gadonsu. Wannan ko sau ɗaya bai roƙi a kauce mata ba.

Maigari Na'iya ya tara jama'a suka yi ta muhawara, daga bisani suka amince, ba da murna ba. Goggo Hinde kuwa ba ta ce komai ba, har wata safiya da damina da ya zo Tunga duba turakun da ruwa ya kayar. Yana durƙushe a cikin laka ya ji murya a bayansa.

"Kai, mai awo."

Ya juyo, ga ta dogare da sanda, ta fito har bakin danga.

"Ruwan ga naka, yaushe za shi zo?"

"Ban sani ba, Goggo. Wataƙila ma ba da raina ba."

Ta dube shi. "To, in ya zo ina da rai, ba ni shiga motar kowa. Kai za ka zo ka ɗauke ni. Kai ka auna, kai ka kai ni." Ya kifa goshi a kan gwiwarsa. Ta ce, "Tashi ka wanke hannu. Dubi yadda ka koma kamar karan dawa."

Ranar ya ci tuwo a gidansu.

Yau da muke wannan magana, ko bulo ɗaya ba a aza ba. Tsarin ya kammala, yana jiran sa hannu a inda ake jiran irin waɗannan abubuwa. Mutanen Tunga ba su san ko su gyara rufin ɗakunansu ko su bari ba. Atiku har yanzu yana fama da janareta. Wannan jiran ya fi komai damun Malam, kuma mu ma ya dame mu, don an nemi talakawa su ba da garinsu sun bayar, saura waɗanda ba a nemi komai a wurinsu ba sai cika alkawari.

A walimar ajiye aikinsa da aka yi a sakatariya, an yi ta yabo, yana ta mutsu-mutsu a kujera. Da aka miƙa masa lasifika, abin da ya ce kaɗan ne: "Kada ku gode mini kan wutar da ba ta zo ba. Ku tai Tungar Ɗangiwa ku gode wa mutanen da suka yarda su tashi."

Za mu je, Malam. Amma da kai za mu fara. Na Hinde, ɗan bakin gulbi, mun gode. Mun gode da ka faɗa wa naka gaskiya ranar da ƙarya ta fi sauƙi, ka kuma faɗa wa namu ita ranar da ba mu son ji. Matasan da za su gaji na'urarka, ku gaji wannan ma: kafin ku kafa turke a ƙofar mutum, ku yi sallama, ku dube shi ido cikin ido. Masu sa hannu kuma, ku hanzarta. Akwai tsohuwa a Tunga da ta riga ta zaɓi wanda zai ɗauke ta, kuma daga ita har shi ba su da shekarun da za su ba ku aro.