Gurabun Yatsu a Katangar Jika

A wani ƙauye da ke arewa da Cadawa akwai wani mutum da ake kira Jika, mai shiga rijiya. Sunansa na yanka Shu'aibu, amma kakansa ne ya rene shi, sunan Jika ya bi shi har ya fara furfura. Wurin kakan ya gaji aikin. Idan guga ya tsinke, ko akuya ta faɗa, ko rani ya yi nisa yashi ya toshe idon ruwa, shi ake aika wa. Ya zo, ya tuɓe riga, ya shiga, ya fito. Ba shi da yawan magana, kuma ba a taɓa kiransa don magana ba.

Gonarsa ƴar ƙarama ce, ba ta kai shi bazara. Abin da ke ciyar da shi da matarsa Laraba shi ne hatsin rijiya: da kaka kowane gida yana kawo masa abin da ya sawwaƙa, don shi ke yashe rijiyar gari duk shekara.

Rijiyar tsohuwa ce, mai zurfi. An yi mata wuyan siminti zamanin soja, amma daga nan zuwa ƙasa marmara ce da yumɓu mai tauri. Mahaƙan dā sun bar gurabe a jikin bangon, wasu na ƙafa, wasu ba sa cin fiye da yatsu biyu. Mai shiga yana ɗaura igiya a ƙugu, maza su riƙe daga sama, amma igiyar ta ko-ta-kwana ce. Nauyin mutum yana kan yatsunsa.

Shekarar da aka yi Babban Taron Ƙasa a Yamai, bakin kowa ya buɗe. Rediyo na magana, mutane na mayar masa. Jam'iyyu suka shigo ƙauye da tutoci da huluna, waɗanda a dā ba sa iya musu da jaki suka zama masu bayani. Cikinsu har da Hamidu mai tebur, maƙwabcin Jika, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu.

Ranar yasar rijiya, Hamidu ne a gaban igiya. Jika ya yi nisa a ciki sai wani daga baya ya faɗi wata magana a kan jam'iyyar Hamidu. Hamidu ba ya iya ba da amsa sai da hannu. Ya saki igiya ya nuna mutumin da yatsa, mutumin ma ya saki ya nuna shi, sauran suka saki don su raba. Daidai nan ƙafar Jika ta zame. Igiyar da ya kamata ta tare shi ta biyo shi ƙasa. Ya cusa yatsu biyu na hannun dama a wani gurbi, suka tare shi, suka yi ƙara. Yana rataye ya yi ta kira kafin na sama su tuna akwai mutum a ciki.

Hamidu ya zo dubiya da goro da dogon bayani a kan wanda ya fara tsokana. Jika ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba."

Mai ɗori ya ɗaure yatsun da karan dawa. Da aka kwance, sun ƙanƙance, ko buta ba sa ɗauka. Damina ta wuce a haka. Da kaka aka kawo masa hatsi kamar kullum, sai dai mai gari ya kira shi ya ce, "Jika, ba korarka nake yi ba. Amma idan bazara ta zo ba ka iya shiga, akwai wani a Gangara, zan aika masa. Kuma ka san hatsin rijiya na wanda ya shiga rijiya ne."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ya dawo gida ya tsaya yana kallon katanga. Ita ce bango mafi tsawo da kauri a gidan, ginin tubali na mutanen dā. Ya ɗauko guntun ƙarfe ya fara ƙwaƙule ta. Ya yi gurabe irin na rijiya, wasu na yatsu uku, wasu na biyu, ya shafe bakinsu da jiƙaƙƙen yumɓu don kada su yanke shi, ya bar su suka bushe.

Laraba ta fito da ƙwarya ta duba. Ta ce, "Malam, ƙadangaru kake gina wa unguwa?"

Jika ya matsa jikin katanga. Ya sa yatsun ya jingina nauyinsa, ƙafafunsa na ƙasa. Zafi ya hau masa har wuya. Washegari ya sake. Bayan ƴan makonni ya fara ɗaga ƙafa ɗaya, sannan biyun, yana manne da bango kamar an shanya shi. Daga nan ya ƙara gurabe zuwa sama.

A nan matsala ta fito. A garin, namiji ba ya hawa inda zai hango cikin gidan wani sai ya yi shela, ko magini ne ko mai gyaran jinka, don mata su kimtsa. Jika mutum ne mai kiyaye al'ada. Duk lokacin da zai ɗaga ƙafa sai ya ɗaga murya: "Masu gida, a gyara, za a hau!" Matan gidan Hamidu su ajiye taɓarya, su ja mayafi, su shige ɗaki. Ya hau, yatsu su gaji, ya diro. Su fito su kama daka. Ya huta, ya yarfe hannu, ya sake shela. Akwai ranar da tuwo ya kama a tukunya, akwai ranar da awaki suka cinye tsabar da aka bari a turmi.

Hamidu ya kai ƙara wurin mai gari. Ya ce an yi wa ɓarayi tsani a jikin gidansa, an hana iyalinsa sakewa, kuma wa ya sani ko asirin jam'iyya ake leƙe, tun da a zaurensa ake taro. Mai gari ya tara mutane. Da yake zamanin kowa na da bakin magana ne, kowa ya yi. Aka fara da hantsi. Wani ya ce katanga ta mutum biyu ce, sai a ƙirga masu so da masu ƙi. Wani ya tambaya ko a Yamai ma haka ake yi. Wani tsoho ya yi barci, ya farka, ya goyi bayan wanda ke magana. Da aka kira azahar mai gari ya gaji, ya ce a toshe guraben kafin Juma'a.

Aka tambayi Jika ko yana da abin cewa. Ya ce, "Na ji."

Yana kwaɓa laka a gindin katanga sai ga Inna Saliha, uwar Hamidu, ta shigo tana dogara sanda. Ba ta jira an shimfiɗa mata tabarma ba.

"Kai Jika, mi kake yi?"

"Umarnin mai gari ne, Inna."

"Mai gari yana jan guga? Ka ga ruwan da muke sha? Rabi ruwa, rabi ƙasa. Na Gangaran nan na san shi, buhu yake so kafin ya tuɓe riga, kuma ba ya kaiwa idon ruwa." Ta zungure lakar da sanda. "Hawanka bai dame mu ba. Ihunka ne ya ishe mu. Mi za ka gani a gidan? Ni? Ni na yi maka wankan suna."

"Al'ada ce, Inna."

"To toshe na sama, inda kanka ke leƙowa. Na ƙasa ka bar su. Ka yi ta rarrafenka a kaikaice, ka rufe mana baki."

Hamidu yana jinsu ta bayan katanga. Ya ɗaga murya: "Inna, an riga an yanke magana gaban jama'a, akwai ƙa'ida."

"Katangar wa? Ubanka ya gina ta kana goye a bayana. Ni zan je in gaya wa mai gari. Kai da aka ba ka igiya ka riƙe ka kasa, yanzu katanga za ka riƙe?"

Wannan maganar duk gari an san ta, ba wanda ya taɓa faɗinta a fili. Daga bayan katanga aka ji takun takalmin Hamidu yana yin nisa. Mai gari kuma, da tsohuwar ta je masa, ya ce shi dama zaman lafiya yake nema.

Jika ya toshe na sama. Duk tsawon sanyi yana bin katanga a kaikaice, daga bakin rumbu zuwa turken akuya, ya dawo, ba shela. Ya koyi sa yatsu a gurbi ba tare da ya duba ba, don a rijiya ba a gani sosai. Manuniya ta dawo daidai. Na tsakiya ya zauna a karkace, amma yana riƙewa. Fatar yatsun ta yi kanta har ƙaya ba ta shiga.

Bazara ta zo ana gab da zaɓe. Ranar yasa maza suka taru a bakin rijiya, kowa da hular jam'iyyarsa, suna miƙo hannu a ba su igiya. Jika ya ɗaura ta a ƙugu, ya ɗauki ɗaya bakin ya wuce su, ya miƙa wa Laraba da matan da ke tsaye da tulunansu.

Wani ya ce, "Haba Jika, mata?"

"Su ke janta kullum."

Aka fara musu a kan ko hakan ya dace. Inna Saliha ta kife ƙwarya ta zauna, ta jera matan yadda take so. Kafin musun ya yi nisa Jika ya riga ya shige.

Ya sauka da yatsunsa, gurbi bayan gurbi, igiya na binsa ba ta ja ba ta saki. Ya wuce inda ya karye bai tsaya ba. A ƙasa ya yi ta cika guga da yashi da ruɓaɓɓun igiyoyi ana ja, har ya ji idon ruwa ya buɗe, sanyi na taso masa ta tsakanin ƙafafu. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Rana ta karkata. Ya kama hanyar fita.

Abin da katanga ba ta koya masa ba shi ne ita busasshiya ce, kuma da safe yake hawanta da sabon ƙarfi. Yanzu hannun ya yini a ruwa, fata ta yi laushi, yatsun sun yi sanyi. Ya kai rabi sai na tsakiya ya buɗe da kansa, manuniya ta bi shi. Ya saki bango. Igiya ta tare shi nan take, ko taƙi ɗaya bai sauka ba. Ya ɗan rataye yana juyawa, ya gwada hannun, ya ga ba abin da ya rage a ciki.

Ya ɗaga kai ya ce, "Ku ja."

Suka ja shi yadda suka saba jan guga, da sauri, ba tsayawa, har kafaɗarsa ta gurje a wuyan siminti. Ya fito ya zauna a ƙasa yana ɗigar ruwa.

Mai gari ya leƙa rijiya ya ga ruwa na tasowa. Ya ce, "To Jika, in aika Gangara baɗi, ko za ka iya?"

"Sauka zan iya, ranka ya daɗe. Fitowa, a tambaye su."

Inna Saliha ta ce za su ja, amma ba a banza ba, da kaka a ware wa masu jan igiya nasu daga hatsin rijiya. Jika ya ce ya yarda. Hatsinsa ya ragu, aikin ya zauna a hannunsa, kuma haka aka yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare.

A hanyar gida ran nan Laraba na gaba da tulu a kai, tafin hannunta ya yi ja. Ba ta juyo ba ta ce, "Malam, ka fi guga nauyi."

"Sannu."

"Amma dai ba ka zuba."